Neman Shawara: An Rubuta Mini Albashin Naira 500,000, Abin Da Ke Shigowa Bai Kai 400,000 Ba

Mai tambaya, daga Agege:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ina aiki a wani kamfanin talla a Ikeja, inda nake kula da tallace-tallacen da ake biya a Facebook, Instagram da Google. Ni nake tsara su, in zaɓi waɗanda za a nuna wa, in kuma sa ido kan yadda kuɗin ke fita. A takardar ɗaukar aiki an rubuta mini naira 500,000 a wata, amma abin da ke shiga asusuna naira 396,135 ne. Takardar albashi ta nuna an cire 65,615 na harajin PAYE (harajin da ake cirewa kai tsaye daga albashi), 32,000 na fansho, da 6,250 na NHF (asusun gidaje na ƙasa). Gundarin albashina 250,000 ne, alawus ɗin gida da na sufuri sun tashi 150,000, sauran 100,000 kuwa ƙananan alawus ne. Shin wannan lissafi daidai ne? Sannan akwai 'yan kasuwa biyu da nake yi wa talla bayan na tashi aiki, waɗanda ke turo kuɗin tallar cikin asusuna, kuma ina fargabar kada a ɗauki kuɗin gaba ɗaya a matsayin nawa.

Wani akanta, daga Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Na buga lissafin, kuma kamfaninku bai cuce ka ba, sai dai akwai rangwamen da ba ka nema ba. Bisa sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba a cire musu komai, miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kuma kashi 18. Albashinka na shekara miliyan 6 ne. Idan aka fitar da fansho 384,000 da NHF 75,000, domin ba a ɗora musu haraji, saura 5,541,000. Harajin mataki na biyu 330,000 ne, ragowar 2,541,000 kuma ta ba da 457,380, jimla 787,380, wanda idan ka raba wata 12 za ka ga 65,615 ɗin nan cif.

Abin da ya ɓace shi ne rangwamen haya. Dokar ta soke tsohon rangwamen bai-ɗaya, ta kawo na kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da mutum ya biya a shekara, amma rangwamen ba zai wuce naira 500,000 ba. Da a ce hayarka miliyan 1.2 ce, za a rage 240,000 daga abin da ake yi wa haraji, wato naira 3,600 za ta dawo maka duk wata. Ba a ba da shi sai ka bayyana hayar da shaida, kuma a nan ne yawancinmu muke asara, domin masu gidaje da dama a Agege da Mile 12 ba su san rubuta rasit ba sai an matsa musu.

Wata ma'aikaciyar sashen kula da ma'aikata, daga Obalende:

Lissafin Malam ya yi, amma ni ba yawan abin da aka cire ne ke damuna ba, inda ya tafi ne. Rubuta cewa an cire kuɗi a takarda abu ne mai sauƙi, kuma ƙananan kamfanonin talla da ke jiran abokan hulɗa su biya su sukan jinkirta turawa. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, a kan gundarin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri, kuma a tura cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Ke nan naira 72,000 ya kamata ka riƙa gani a asusunka na fansho duk wata, ba 32,000 ba. Idan ba ka gani ba, fara rubuta wa kamfanin, in ba su gyara ba ka kai ƙorafi hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Harajin kuwa dole ya isa hukumar harajin jihar Legas, wato LIRS, kafin ranar 10 ga wata mai zuwa ta wuce, kuma da lambarka ta mai biyan haraji za ka iya dubawa a shafinsu na intanet. Ka kuma tabbatar adireshinka daidai ne, domin jihar da mutum yake zaune ce ke da harajinsa. Wanda ke kwana a Mowe ko Ibafo, harajinsa na jihar Ogun ne, ko da a Ikeja yake wuni. Kuɗin NSITF (asusun diyyar ma'aikata) da na ITF (asusun horar da ma'aikata) da inshorar rai nauyin kamfani ne, kada ka yarda ka gan su cikin abin da aka cire maka.

Wani ɗan'uwa, daga Ketu:

Ni a ganina ka sa a daina cire NHF, tunda tun 2023 ba dole ba ne ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu.

Akantan ya sake cewa:

Gaskiya ne ba dole ba ne, amma ya sani idan ya daina, harajinsa zai ɗan ƙaru, kuma ta wannan asusu ne ake samun rancen gida na bankin lamunin gidaje na tarayya (FMBN) a kan ruwa kashi 6 cikin 100. Batun ruwan kuma kowa ya san matsayinsa, sai ya tambayi malamai.

Wani tsohon hannu a harkar talla, daga Yaba:

Ɗan'uwa, tambayarka ta biyu ita ce mai haɗari. Idan mai shago ya turo maka naira 600,000, wadda 500,000 daga ciki ta Meta ce, wato kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, 100,000 kuma ladanka, ladan ne kaɗai kuɗin shigarka, amma kai ne za ka tabbatar da hakan ranar da aka tambaye ka. Mafi tsafta shi ne kowane ɗan kasuwa ya buɗe asusun tallarsa, ya ɗaura katinsa, ya ba ka izinin gudanarwa kawai. Wanda ya ƙi, ka ware masa asusun banki daban, ka rubuta masa takardar neman biya mai layi biyu, kuɗin talla daban, lada daban, sannan ka riƙa sauke rasit ɗin da dandalin ke fitarwa, wanda ke nuna harajin sayen kaya da hidima (VAT) na kashi 7.5 da ake ɗorawa. Kamfaninku bai san da ladan nan ba, saboda haka kai za ka haɗa shi da albashinka ka bayyana wa LIRS kafin 31 ga Maris ta wuce. Idan wani ya riƙe wani kaso na ladanka da sunan haraji, karɓi shaidarsa, domin za a rage maka shi daga abin da ake bin ka.

Mai tambaya:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Saura guda: an yi mini alkawarin tukuicin naira 200,000 idan tallarmu ta kai adadin cinikin da aka sa mana. Shi ma za a taɓa shi?

Akantan:

Za a taɓa shi, domin doka tana kallonsa a matsayin albashi. Tunda kana matakin kashi 18, za a cire naira 36,000, ka karɓi 164,000. Kafin ka sa rai, tambaye su a rubuce ko 200,000 ɗin kafin haraji ne ko bayansa.