Hedimasta ya yaba min, jami'in sa ido ya kushe ni, wa zan bi?

Malamar Aji 4:
Assalamu alaikum malamai. Wani abu ne yake ci min tuwo a ƙwarya. Zangon da ya wuce hedimastanmu ya shigo ajina lokacin lissafi, ya zauna a baya kamar minti goma, ya duba lesin not ɗina ya ce madalla. Bayan sati biyu jami'i daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya zo, aji ɗaya ne yara ɗaya, shi kuma ya rubuta wai ban iya riƙe aji ba saboda surutu, alhali rukuni-rukuni na kasa su na ba su murafun kwalba suna koyon rabawa, to ta yaya yaro zai raba 12 gida 3 da abokansa baki rufe? Don Allah ana koya musu yadda za su auna mu ne, ko kowa da mudunsa?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Gaskiyar magana da yawanmu daɗewa a aiki ce ta kai mu kujerar, ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana me ake dubawa. Ni sai lokacin shirin inganta ilimi na ESSPIN, wanda Birtaniya ta tallafa a Kano da Jigawa da Kaduna da wasu jihohi, na fara ganewa. A wata bita aka sa mu kalli darasi ɗaya mu duka, kowa da fom iri ɗaya, da aka tashi kwatanta maki wallahi kunya ta kama mu, wani ya ba da sama wani ƙasa. Ni rubutun allo na tsaya yabawa, na kusa da ni kuma ya ƙirga yara nawa malamin ya yi wa tambaya, ashe 'yan layin gaba ne kawai. Haka muka yi ta maimaitawa har makinmu ya fara kusantar juna. Daga nan na daina kallon malami kaɗai, nake leƙa littattafan yaran da ke can baya.

Malam daga Zariya:
Mu nan ai mun gani a 2017, jarrabawar 'yan aji 4 aka yi wa malamai kusan 33,000, sama da 21,000 aka ce sun faɗi. Jarrabawa tana nuna abin da ka sani, amma iya koyarwa sai an shiga aji, kuma mai shigan ma sai an horar da shi.

Uwar Biyu:
Ga kuma sanayya fa. Fom ɗin APER, na auna aikin ma'aikaci a ƙarshen shekara, kowa cika masa ake da kyau don kar a ce ka hana shi ƙarin girma. Malama ki roƙi hedimasta in jami'in ya dawo su shiga tare, su nuna miki fom ɗin da za su auna ki da shi kafin darasi.

Malamar Aji 4:
Na gode Baba, na gode kowa. Ranar Litinin in sha Allahu zan same shi da maganar, murafuna kam ba zan daina ba.