Abin Da Masu Hawa Rola-kosta Suka Ce Game Da Daɗin Tafiya

Da mahaya suka yi muhawara kan daɗin tafiyar rola-kosta, wato jirgin lilon nan da ke tsere a kan dogo, shawarar farko ita ce a duba kamfanin da ya ƙera shi kafin a shiga layi. Kusan kowa ya yaba wa Bolliger & Mabillard na Suwizalan: jiragensu na tafiya sumul, ko da yake wasu sun ce ladabinsu ya yi yawa. Masu son zafi sun fi karkata ga Intamin, wanda ya ƙera Formula Rossa a Abu Dabi, mai gudun kilomita 240 a awa, har sai an ba mahaya tabarau saboda iska da yashi.

Inda aka fi tsayawa shi ne kan tsofaffin jiragen kamfanonin Arrow da Vekoma masu makarin kafaɗa. A kan kwana, kan mutum yakan bugu hagu da dama, ya sauko kunnuwa na zafi. Dabarar ita ce ka kafa ido kan dogon, ka karkata kafin kwanar ta iso. Sababbin na Vekoma kam sun gyaru sosai, a gaskiya.

Na katako kuwa, girgiza halinsa ce. A guji kujerar da ke bisa tayoyin baya. Don rage girgizar, kamfanin Rocky Mountain Construction na ɗora dogon ƙarfe kan tsohon ginin katako, kamar jirgin Steel Vengeance a wurin shaƙatawa na Cedar Point da ke Amurka a 2018.

Kujerar gaba ta fi kallo, ta baya ta fi fizga. Jirgi kuma yakan ƙara gudu da yamma, bayan tayoyi sun ɗumama.