Manhajar hasashen gurɓatar iska tana gazawa ranar da gari ya turnuƙe: wa ya taɓa fama da haka?

Ɗalibi mai bincike: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na horar da manhaja mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, nau'in LSTM mai koyo daga bayanan da suka zo a jere rana bayan rana, ta riƙa hasashen yawan PM2.5 na gobe, wato ƙurar nan da faɗinta bai wuce maikiromita 2.5 ba, mai kutsawa can cikin huhu. Idan iska da dama-dama tana canka daidai. Amma ranar da hayaƙi ya rufe gari, adadin da take bayarwa bai ko kusa da abin da aka auna. Ina mafita?

Injiniya a tashar auna iska: Wa alaikumus salam. Mu ma mun sha wannan. Munanan ranaku ba su da yawa a cikin bayanan, ita kuma rage kuskure a jimlace aka koya mata, shi ya sa take laɓewa a tsakiya. Da muka ƙara wa waɗannan ranaku nauyi wajen horo ta fara kama su, sai dai yanzu takan yi gargaɗi ranar da ba komai. Ni dai na gwammace hakan, saboda masu asma.

Masaniyar yanayi: Malam, me kake ba ta? Idan awon ƙurar jiya kaɗai ne, ba laifinta. Yawan hayaƙin mota da na masana'anta ba ya sauyawa sosai daga rana zuwa rana. Abin da ke sauyawa shi ne ko iska ta kwashe shi. Daren da iska ta tsaya cik, mai ɗumi ta danne mai sanyi a ƙasa, komai nan yake taruwa. Tawa ba ta gyaru ba sai da na haɗa mata hasashen gudun iska, zafi da danshi. Ƙara mata girma bai tsinana komai ba.

Mai gyaran na'urori: A duba na'urar awon ma. Masu arha da haske suke ƙirga ƙura, idan danshi ya yi yawa ƙurar ta kumbura sai su zuzuta adadin.

Malamin lissafi: Tamu da aka horar da bayanan kafin 2020 ta rikice lokacin kullen korona, don motoci sun ragu ita ba ta da labari. Sannan kar ka cakuɗa ranaku wajen gwaji. Ware bayanan shekarar ƙarshe dungurungum don gwajin, kar ka horar da ita da su. Ka kuma gwada ta da hasashe mafi sauƙi, mai cewa kawai "gobe kamar yau". Na ga manhajoji da dama da suka kasa doke shi.

Ɗalibi mai bincike: Na gode ƙwarai. Malama, hasashen yanayin na awa-awa kike ba ta, ko na yini?