Me zan kunna wa Hajiya?

Maman Hanifa, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Hajiyarmu tana wurina tana jinyar ƙafa, zaman ɗaki ya ishe ta. Mun gama Labarina a YouTube. Don Allah me zan kunna mata wanda ba zan sunkuyar da kai ba in muna kallo tare?

Malam Sani, Samaru: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Nemo mata Daɗin Kowa na Arewa24. Rayuwar unguwa ce zalla, kuma yana da tsawo. Ki sauke da dare, data ta fi sauƙi.

Ummi, Ƙofar Doka: Anti, akwai Amina a Netflix, na 2021, labarin sarauniyarmu ta Zazzau. Sai dai da Turanci ne, kuma akwai yaƙi.

Maman Hanifa: Na gode. Hajiya ba ta son ganin jini, da Daɗin Kowa za mu fara.