Wa Ke da Na Uku?

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum. Ina gyara wa Umma kwalla na ci karo da wani tsohon littafin soyayya, na ɗaya da na biyu, bango ya yage, ba suna ba marubuci. Labarin wani ɗan Kantin Kwari ne da matarsa, shekara 17 ana dama kunu ɗaya. Na kwana a kansa, sai da asuba na ga babu na uku. Ga kukana:

Da sunan Ilahi nake buɗe baki,
Salati ga Manzo fiyayye ga kowa.
A Kwari ya gan ta tana tayin shadda,
Ya ce ɗauki kyauta, ta ce ban iyawa.
Iyayenta sun ƙi shi, wai bai da asali,
Ta daina cin tuwo, tana ta ramewa.
Da ƙyar aka ɗaura, aka kai ta Gwale,
Wata tara daɗi kamar ba gushewa.
Da arziki ya zo sai ya ƙaro amarya,
Yaji huɗu ta yi, duka tana dawowa.
Saki ɗaya ya yi, ya mai da ta a idda,
Na biyun ya rubuta hannunsa na rawa.
Ya karye a kasuwa, amarya ta tsere,
Ya zo zaurensu, hawaye na zubowa.
A nan aka rubuta "mu haɗu a na uku",
Igiya ɗaya saura, shin tana komawa?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin taɓo mini tsohon miki.

Ciwon nan, 'yata, ya girme ki nesa,
Na yi hayar littafi, ni ke da ganewa.
Na ɗaya da na biyu sukan dawo da maiƙo,
Na uku in ya fita ba shi da dawowa.
Yana ƙarƙashin filo, yana cikin mayafi,
Gida bayan gida yake zagayawa.
Marubuci da aljihunsa yake ɗab'i,
Cinikin na farko ke kai shi ga ƙarawa.
In kasuwa ta ƙi, labari ya maƙale,
Masoya su tsufa a zaure suna tsayuwa.
A 2007, zamanin hukumar A Daidaita Sahu ta Kano,
An tara irinsu an yi ta ƙonawa.
Amma in don ƙarshe ne, kwantar da hankali,
Irin wannan mata ba ta ƙin komawa.

Uwar Biyu, Gwammaja:
Baba, a gafarce ni, zan sauya amsa-amo, don na -wa ɗin nan sai jan mace yake zuwa komawa.

Baba, da girmanka, ban yarda ba,
Komawa gidan nan ba tilas ba.
Ran da yake ƙirga kuɗi a Kwari,
Ai bai tuna tana numfashi ba.
Lefen amarya ya cika tsakar gida,
Ita ko ɗankwali ba ta gani ba.
Yau ya tsiyace ya gane hanya,
Yunwa ta kawo shi, ba ƙauna ba.
An ce mahaƙurci mawadaci,
Ba a ce ta bushe a tsaye ba.
Da ni ke riƙe da alƙalamin nan,
Zai kwana a zaure ba a leƙo ba.

Mai Adaidaita:
Hajiya, a yi mana sassauci, mu ma muna da zuciya.

Hajiya, kin yanke hukunci da zafi,
Ki bar ni in faɗi nawa, ki saurara.
A 2013 aka hana acaɓa,
Na wayi gari ba ni da ko naira.
Fushin titi na kai shi cikin ɗaki,
Na furta kalma, ta tafi Dakata da yara.
Kwana arba'in ina cin garau-garau,
Ɗaki shiru, ko sauro ya ƙi ƙara.
Na aika kawuna, na aika limami,
Na je da kaina na durƙusa a tabarma...

Kash, tabarma ta karya mini amsa-amo. Ku bar ta haka, ranar ma a karye nake. Ta dawo dai, yanzu 'ya'yanmu biyar.

Uwar Biyu, Gwammaja:
Kai ka durƙusa, wancan kuka ya yi,
Kuka bai taɓa biyan sadaki ba.

Malam na Yakasai:
Ni ba mai karanta irin waɗannan ba ne, iyali ce ta miƙo mini waya.

Ku duba Baƙara, aya ta 229,
Saki biyu ne ake iya gyarawa.
In tana cikin idda, tsarki uku,
Kome haƙƙinsa ne, ba sabon ɗaurawa.
In idda ta cika, ta mallaki kanta,
Sai sabon sadaki da nata amincewa.
To, 'yata, duba mana shafin da kyau,
Wata nawa ya yi kafin ya zo tsayawa?
Marubuci dai kar ya kai su na uku,
Ya ce kisan wuta zai zam mafita, wa?

'Yar Fagge:
Allah gafarta Malam, shekara biyu ya yi. Har wani malamin makaranta ya fara aiko da goro.

Malam na Yakasai:
To ai shi ke nan, wuƙa da nama suna hannunta. Ya bi layi.

Gwaggo, Ƙofar Mata:
Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Idan ban manta ba na san littafin nan.

Ni 'yar marina ce, a bakin karofi
Na tashi, ina kallon baba da toka.
Zane ba ya kamawa a tsomi guda,
A tsoma, a ɗaga, ya sha iska, a maka.
Wani ya fito shuɗi har ya yi ƙyalli,
Wani garin tsomi ya yage, ya zama tsumma, ɗiyata, haka.
Na ukun da kike nema na riƙe shi,
Ina gidanmu, yaji na kai ni ɗaka.
Saura 'yan shafuka aka yi sallama,
Malam ne da biko, ya jiƙe da ruwan marka.
Na kife littafin a gadon ƙanwata,
Na ɗau mayafi, ban ko tsaya jin ta bakin Kaka.

Ban sake ganinsa ba. Malam kuwa bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai wuyar zama, kuma har yau ban iya cin tuwo ni kaɗai.

Uwar Biyu, Gwammaja:
Allah ya jiƙan Malam, Gwaggo. Na yi shiru, amma ban janye ba.

'Yar Fagge:
Amin. Jama'a, na yi ƙarfin hali na tambayi Umma.

Ta ƙwace littafin, ta ce wa ya aike ni,
Ta juya baya tana murmusawa.
Wai tun suna zance Abba ya ari na uku,
Shekara 29 bai yi mayarwa.
Yana nan a zaure yana jin rediyo,
Cikinku wa zai raka ni tambayowa?

Ɗan Kurmi:
Ba ni ba, 'yata. Amma ki gaya masa kuɗin haya na nan yana taruwa.