Darussan bogi a Jami'ar North Carolina

Baban Yara: Jama'a, lamarin Jami'ar North Carolina ta Amurka ya tsaya mini a rai. Daga 1993 zuwa 2011 ɗalibai wajen 3,100 suka kwashi maki a darussan da ko aji ba a shiga, kusan rabinsu 'yan wasa. Yaya aka yi hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙyale jami'ar?

Uwar Marayu: Malam, a 2017 hukumar ta ce tunda sauran ɗalibai ma sun amfana, ba 'yan wasa kaɗai aka fifita ba. Ni dai hujjar ba ta gamsar da ni ba.

Ɗan Kwando: Baba, ma'aikaciyar ofis ce fa take ba da makin, ba malama ba. Yaran nake tausayi wallahi, an riƙe su saboda ƙwallo, ilimin kuma an hana su.