Agogona yana nuna bugun zuciya 176 tun ban yi nisa ba, in yarda da shi?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 46. Wata bakwai ke nan da likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Tun daga nan, da an idar da sallar Asuba sai in ɗaura takalmi in nufi Karkanda, in yi sassarfa a kewayen filin wasa na Muhammadu Dikko. Ƙanena da ke Kaduna ya aiko mini da agogo mai auna bugun zuciya.

Da damina lafiya lau, yakan nuna 135 zuwa 145. Amma tun da hunturu ya kankama, minti biyu da fara gudu sai in ga 172, wata rana 176. Ni kuwa ko haki ban fara ba, ina iya gaisawa da mai shayin bakin hanya ba tare da numfashina ya sarƙe ba. An ce min a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne ƙarshen abin da zuciya ke iya yi. Nawa 174 ke nan. Ciwon zuciya ne ajalin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya sa da na ga lambar nan gabana yake faɗuwa in samu dakali in zauna. Uwargida ta ce in haƙura da gudun. Agogon ne, ko zuciyar?

Kocin Yara:
Wa alaikumus salam Yaya. Juya agogon ka dubi bayansa, za ka ga koren haske yana ƙiftawa. Da shi yake haska fata, jini na shanye hasken, daga nan yake ƙiyasta bugun. Da sanyi jini yana janyewa daga fatar hannu, sai ya rasa abin karantawa. In kuma ya yi sako-sako yana rawa a hannu, sai ya koma ƙirga takunka a madadin bugun zuciya. Mai sassarfa yakan yi taku 160 zuwa 180 a minti ɗaya, ka ga lambarka ta faɗa daidai nan. Gobe ka matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsu biyu, ka ƙara ɗaure shi rami ɗaya, ka yi tafiya ta minti goma jiki ya ɗumama kafin gudu. In kana da hali, ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya ta fi sahihanci, don ita wutar zuciyar take ji kai tsaye. A ɗan jiƙa ta da ruwa kafin a ɗaura.

Maman Ummi, Daura:
Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Lissafin 220 ɗin nan ƙiyasi ne kawai, mutum biyu sa'anni sukan bambanta sosai. Da ka ga lambar ta haura, tsaya nan take, ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Amma don Allah kada bayanin Koci ya sa ka saki jiki gaba ɗaya. Ga hawan jini, ga tarihin mahaifi. Ka koma wurin likitanka ka nemi gwajin ECG, wato na duba yadda zuciya ke bugawa, ka gaya masa magungunan da kake sha, don wasunsu suna rage gudun bugun. Jiri, nauyin ƙirji, ko zuciya na tsalle-tsalle, a bar gudun a tafi asibiti ko me agogo ya nuna.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah Ya saka muku da alheri. Yau da safe na gwada. Da gangan na bar shi yadda na saba ɗaurawa, da ya kai 174 na tsaya gindin wata dalbejiya na ƙirga, na samu 34, wato 136. Na ɗaure shi yadda Koci ya ce na ci gaba, bai wuce 142 ba har na dawo gida. Hajiya, na ji maganarki, ranar Litinin zan je a yi min gwajin, in sha Allahu. Koci, ɗamarar nan ana samunta a nan Katsina, ko sai na aika Kano?